Boris Ɗin Ƙafar Baya: Ƙaramin Ƙarfen da ke Ɗauke da Cinikin Amfanin Gona a Lafiya

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka shigo garin Lafiya daga Doma, ko Obi, ko Assakio, musamman a lokacin kaka, ba zai rasa cin karo da wata mota a gefen hanya ba, an karyo ganyaye an jera a kan kwalta don gargaɗin masu zuwa, an sauke doya ko buhunan riɗi an tara a gefe, ƙafar baya guda tana kwance a ƙasa, yaron mota yana gadi, direba kuwa ya hau babur ya nufi gari neman bakanike. Sau da yawa idan aka bincika, ba inji ne ya buga ba, ba kuma taya ce ta fashe ba. Boris ɗin ƙafar baya ne ya ci, wato wani ɗan ƙarfe wanda mutum zai iya riƙewa a tafin hannunsa.

Ga wanda ba ya harkar sufuri, canza boris magana ce ta gareji kawai. Amma idan aka yi la'akari da cewa kusan duk abin da manoman wannan yanki suka noma a bayan mota yake isa kasuwa, za a ga cewa magana ce ta tattalin arziki, domin kuwa a kan wannan ɗan ƙarfe ne nauyin dukiyar manomi da ta ɗan kasuwa da ta mai mota yake sauka.

Garin da ya dogara da bayan mota

Tun kafin Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ya kuma mai da Lafiya hedkwatarta, garin ya yi suna a matsayin matattarar amfanin gona. Doya da riɗi da agushi da shinkafa da rogo da masara suna fitowa daga ƙauyukan Doma da Obi da Keana da Awe, a tara su a kasuwanni irin ta Agyaragu, daga nan a yi lodinsu zuwa Abuja da Jos da Kano da kuma kudancin ƙasar nan. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Makurɗi zuwa Kafancan ta ratsa ta Lafiya, kuma a da jirgi yana rage wa hanya wani kaso na wannan nauyi. Da harkar jirgin ta durƙushe, sai lodin gaba ɗaya ya koma kan a-kori-kura da kanta da manyan motoci.

Hanyoyin da waɗannan motoci ke bi iri biyu ne, kuma kowace da irin cin da take yi wa boris. Ta farko ita ce hanyar ƙauye, wadda daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama ke mayar da ita taɓo da kududdufai, da rani kuma ta koma ƙura da gargada. Ta biyu ita ce babbar hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 220, wadda kamfanin China Harbour ya mayar tagwaye da rancen da aka karɓo daga bankin shige da fice na ƙasar Sin, aka kuma fara karɓar kuɗin bin ta a watan Fabrairun 2025. Hanyar ƙauye ita ke cusa wa boris ruwa da yashi, tana kuma dukansa a kowane rami. Babbar hanya kuwa, da yake ta yi santsi, tana ba direba damar taka mota da gudun da a da ba ya samu, kuma boris ɗin da ya riga ya ji rauni a ƙauye, a kan gudu ne yake ɗaukar zafi ya ƙarasa. Ke nan kyan hanya bai rage muhimmancin kula da ƙafar mota ba, ƙara shi ma ya yi.

Yadda abin yake aiki

Boris zobba biyu ne na ƙarfe, na ciki da na waje, a tsakaninsu an jera ƙwallayen ƙarfe, ko kuma 'yan gajerun sanduna masu mirginawa. Aikinsa shi ne ya bar ƙafa ta juya ba tare da ƙarfe ya gogi ƙarfe ba, alhali yana ɗauke da nauyin mota da na kayan da ke cikinta. Nau'in mai sanduna masu tsukakken kai, wanda aka fi samu a manyan motoci, wani maƙerin kekunan doki ne a birnin St. Louis na Amurka, Henry Timken, ya yi masa rajista a 1898, domin ya lura cewa kekunan ɗaukar kaya suna wahala a duk lokacin da suka sha kwana da lodi. Wato tun asali, matsalar masu dakon kaya ce ta haifar da shi.

A motocin da ƙafafun baya ke tura su, tsarin iri biyu ne. A ƙananan motoci irin su a-kori-kura, sandar ƙarfen da ta fito daga tukunyar giya ta baya ita ce ke juya taya, kuma ita ce ke ɗauke da nauyi. Boris guda ne a bakinta, an matsa shi a jikinta da ƙarfi, an kuma bi shi da wani zoben kulle wanda ke hana sandar zarewa. A manyan motoci kuwa, ƙafar tana zaune ne a kan boris biyu da ke jikin bututun da sandar ke ciki, sandar kuma juyawa kawai take yi, ba ta ɗaukar nauyi. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan sandar babbar mota ta karye, motar za ta daina tafiya, amma ƙafarta tana nan. Idan kuwa boris ɗin a-kori-kura ya wargaje, ko zoben kulle ya saki, sandar tana iya zarewa ta fita tare da taya da kwanon birki baki ɗaya, motar ta zauna a ƙasa tana cikin gudu. Wanda ya san gangaren tsaunukan Nasarawa Eggon a kan hanyar Akwanga ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da hakan ke nufi.

Abin lura shi ne boris ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi ta ba da sanarwa. Alamar farko ita ce gurnani daga baya, wanda ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru, ba ya kuma canzawa ko an canza giya, amma yakan sauya murya idan an karkata mota dama ko hagu, saboda nauyi ya koma ɓangare guda. Daga nan sai tsakiyar ƙafar ta riƙa zafi fiye da 'yar'uwarta bayan tafiya. Sai a ga mai yana tsattsafowa ta bayan taya yana jiƙa birki. Idan aka ɗaga motar da jak aka girgiza ƙafar, sai a ji tana wasa. Direban da ya ji gurnanin ya ƙara muryar rediyo, bai kawar da matsalar ba, ranar biya kawai ya ɗaga.

Lissafin lodi

Babban abin da ke rage wa boris kwana shi ne lodin da ya wuce ƙima, kuma a nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai mota ya sani. Tun a 1947 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Lundberg da Palmgren, suka fitar da ƙa'idar da masana'antu ke amfani da ita har yau wajen auna tsawon ran boris. Ƙa'idar ta nuna cewa ran boris ba ya raguwa daidai da yadda nauyi ke ƙaruwa, ninkin-ba-ninki yake raguwa. Idan aka ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kan nauyin da boris ke ɗauka, kusan rabin ransa ya tafi. Idan aka ƙara rabi, abin da zai rage bai kai sulusi ba. Idan kuwa aka ninka nauyin sau biyu, boris mai ƙwallaye zai yi kashi ɗaya ne cikin takwas na kwanakin da aka yi masa tanadi, mai sanduna kuma kimanin ɗaya cikin goma. Daɗin daɗawa, yawancin lodin da aka ƙara wa a-kori-kura a kan ƙafafun baya yake sauka.

Al'adar da ta zama ruwan dare a tashoshinmu ita ce, da an sayi mota sai a kai ta wurin mai walda a ƙara mata tsawon bodi, a kuma ƙara mata sifirin don kada ta zauna idan an lafta mata kaya. Sifirin yana ɓoye nauyin ne daga idon mai kallo, amma ba ya rage wa boris ko kilo guda. Motar za ta tsaya cak kamar ba ta ɗauki komai ba, alhali a can ciki ƙarfe yana cin ƙarfe.

Ba za a ce direbobi ba su da hujja ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sawu guda ya ninka, ga balas da mai mota ke jira kullum, ga kuɗin ƙungiya da na kamasho, ga na shingayen hanya. Manomi shi ma ya fi son a kwashe masa kaya a sawu ɗaya maimakon biyu. Saboda haka kowa yana ganin riba a ƙarin lodi. Sai dai ribar a fili take, ana ƙirga ta a tasha, asarar kuwa a ɓoye take, sai bayan makonni ta bayyana a tsakiyar daji. Garin neman ƙiba akan samo rama.

Kasuwar kayan gyara

Kusan duk boris ɗin da ke shagunan kayan gyara na Lafiya daga ƙasashen waje aka shigo da shi, ya biyo ta manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Nkwo a Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Wannan ya sa farashinsa yake bin darajar naira sawu da ƙafa. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, kuma a wancan zamani kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, da na Mercedes da ke Inugu, suna da dillalai masu sayar da kayan gyara na ainihi. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta fara zubewa, har gwamnati ta tsayar da ita a kan kimanin naira 22 a dala guda daga 1994 zuwa 1998, kuma a shekarun nan ne motoci da kayan gyara na hannu, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, suka mamaye kasuwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira daga kimanin 460 a dala, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kowace faɗuwa daga cikin waɗannan ta ƙara tura masu motoci wajen neman mai araha.

A yau mai saye yana da zaɓi uku. Akwai sabo na ainihi daga kamfanonin da suka yi suna, irin su SKF na Suwidin, wanda aka kafa a 1907, da Timken na Amurka, da FAG na Jamus, da NSK da NTN da Koyo na Japan. Akwai na kwance, wanda aka ciro daga jikin wata mota a Turai ko Asiya, wanda ƙarfensa nagari ne amma babu mai iya faɗin yawan tafiyar da ya riga ya yi. Sannan akwai sabo mai araha, wanda shi ma kashi biyu ne: wanda ya zo da sunan masana'antarsa tsakani da Allah, mai saye ya san abin da ya saya, da kuma jabu, wanda aka buga wa sunan babban kamfani a jiki da kwali.

Jabun shi ne mugun iri. Boris na ainihi ana yin sa ne da ƙarfe na musamman mai ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sinadarin kabon da kashi ɗaya da rabi na kuromiyam, a gasa shi ya yi tauri, a goge shi har ya fi madubi santsi. Na jabu a ido ba shi da maraba da wannan, wani lokaci ma kwalinsa ya fi kyau, amma ƙarfensa bai gasu ba, awonsa kuma bai cika ba. Matsalar ta kai ga manyan masana'antun duniya sun kafa ƙungiyarsu a 2006, suka kuma shiga gangamin yaƙi da jabun boris, har da fitar da manhajar wayar hannu ta tantance lambar da ke jikin kwali. A nan gida, alhakin hana shigowar irin waɗannan kaya yana wuyan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ta kuma ɓullo da shirin tantance kaya tun daga ƙasar da aka yi su a 2005. Amma mai a-kori-kura da motarsa ke kwance a hanyar Awe ba shi da lokacin tantancewa, abin da kuɗin aljihunsa ya kai shi zai ɗauka.

A gareji

Ko da an sami boris nagari, sauran rabin aikin yana hannun bakanike. Garejojin da ke gefen hanyoyin Makurɗi da Jos da Shendam da Doma cike suke da mutanen da suka koyi sana'ar tun suna yara, waɗanda da kunne kawai suke gane ƙafar da ke kuka. Ƙwarewa ba ita ce ta yi ƙaranci ba, kayan aiki ne.

Yadda aikin ya kamata ya kasance a ƙaramar mota shi ne, a ɗaga ta a tokare ta da abin da ba zai goce ba, a cire taya da kwanon birki, a kwance bututun man birki da notocin da ke riƙe da farantin baya, sannan a zaro sandar. Tsohon zoben kulle ana rage masa kauri ne da dutsen wuta a tsaga shi, ba tare da an taɓa jikin sandar ba. Daga nan a kai sandar kan injin matsi a fitar da tsohon boris, a duba mazauninsa ko ya ci, a wanke, a matsa sabon a hankali, ƙarfin matsin yana sauka a kan zoben ciki kaɗai. Sai a bi shi da sabon zoben kulle da sabuwar robar tare mai, domin waɗannan biyun ba a maimaita su. Bayan an mayar da komai, a fitar da iska daga birki, a duba man tukunyar giya, a kuma buɗe 'yar ƙofar numfashi da ke saman bututun, wadda idan taɓo ya toshe ta, zafi kan sa mai ya ture roba ya fito. A babbar mota kuwa, asirin yana wurin ɗaure notin ƙafa: idan ya yi tsauri boris ya ƙone, idan ya yi sako-sako ƙafa ta yi ta wasa har ta cinye shi.

Inda babu injin matsi, guduma da guntun bututu ne ke maye gurbinsa. Kowane bugu yana sa ƙwallayen su yi ɗan lotsawa a hanyar da za su riƙa bi, lotsawar da ido ba ya gani, amma daga nan ne sabon gurnani zai faro. Wasu kan yanke tsohon zobe da wutar walda, wadda ke kashe taurin sandar a daidai inda ta fi bukatarsa. Wasu kan gasa sabon boris a wuta don ya buɗe ya shiga da sauƙi, alhali masana'antu sun yi gargaɗin kada zafinsa ya wuce digiri 120. Wasu kuma kan mayar da tsohon zoben kulle su ɗiga masa walda, ko su ajiye sabon boris a kan yashi kafin a ɗaura shi. Sakamakon haka shi ne boris na ainihi ya mutu da wuri, mai mota ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, mai shago ya zargi bakanike, bakanike ya zargi lodi da hanya, a rabu kowa yana ganin an cuce shi. Daga ƙarshe mai mota ya yanke shawarar cewa tunda mai tsadar ma ba ya daɗewa, gara ya riƙa sayen mai araha.

Wa ke biya?

Idan aka canza boris a gareji tun yana gurnani, aikin yini guda ne ko ƙasa da haka, kuɗin kuma bai wuce na boris da zobe da roba da ladan bakanike ba. Idan aka bari ya wargaje a hanya, lissafin ya canza. Sau da yawa sandar kanta ta lalace, birki ya jiƙe da mai ko ya ƙone, wani lokaci har bakin bututun ya ci. Ga kuɗin ɗauko bakanike daga gari ko na janwe, ga hayar wata motar da za ta kwashe kayan, ga ladan masu saukewa da lodawa karo na biyu. Doyar da aka sauke aka sake lodawa tana ƙujewa, wadda ta ƙuje kuma ba ta ajiyuwa, dole a karya farashinta. Idan ranar kasuwa ta wuce, sai a jira ta gaba. Wannan duka idan Allah ya tsare ba a yi asarar rai ba ke nan.

Kuma asarar ba ta tsayawa a kan mai mota. Direban da ya san hanyar wani ƙauye tana cin ƙafar mota zai ƙara kuɗin ɗauko kaya daga can, ɗan kasuwa ya rage abin da zai ba manomi, ya kuma ƙara a kan abin da zai karɓa daga mai saye a Abuja. Ta haka ne kuɗin boris ke shiga cikin farashin kowace ƙwaryar doya ba tare da an ambaci sunansa ba.

Abin da ya kamata a yi

Maganin wannan al'amari ba ya bukatar maƙudan kuɗi. Injin matsi ba ya cikin kayan aiki masu tsadar gaske, kuma ba dole ne kowane gareji ya mallaki nasa ba. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, wato NATA, tana iya tanadar guda a kowane rukunin garejoji, mambobi su riƙa biyan wani ɗan abu suna amfani da shi. Cibiyar koyar da sana'o'i da gwamnatin jihar ta gina a Lafiya, wadda aka sa wa sunan kantoman soja na farko na jihar, Wing Kwamanda Abdullahi Ibrahim, tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai ga kanikawan da ke bakin aiki, cikin harshen da suke ji, a lokacin da ba zai hana su neman abinci ba.

Masu shaguna su ma suna da rawar takawa, ta hanyar faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwali da ba shi rasit, domin ɗan kasuwar da aka san shi da kaya nagari ba ya rasa ciniki. Ya kamata hukumar SON ta riƙa leƙa kasuwannin jihohi, kada ta tsaya a tashoshin jiragen ruwa kawai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, da ƙungiyar direbobi ta NURTW, sun fi kowa sanin cewa a tasha ake hana lodin wuce ƙima, ba a tsakiyar hanya bayan an riga an ɗaure igiya ba. Dokar ƙayyade nauyin motoci a manyan hanyoyin tarayya tana nan tun 2018, abin da ya rage shi ne sikeli da aiwatarwa. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuwa, duk kwalbatin da suka gina a hanyar ƙauye, sun rage wa motoci shiga ruwa, sun kuma rage wa manomi kuɗin dako.

Sai dai kafin duk waɗannan su tabbata, akwai abin da ke hannun mai mota da direbansa tun yau. Su saurari ƙafar motarsu, su taɓa ta bayan doguwar tafiya, su duba ta bayan an ratsa ruwa, su kuma tuna cewa araha ba ta ado. Kaka na tafe kowace shekara, kuma motar da aka gyara a gareji kafin lodi ya kankama, ita ce za ta kai doya kasuwa a ranar da ake jiran ta.